James Naismith, Mai Wa'azin da Ya Zama Malamin Wasa

A ƙarshen shekara ta 1891, a garin Springfield cikin ƙasar Amurka, akwai wani aji na mutum 18 wanda ya gagari malamai. Ba yara ba ne, manyan samari ne masu bi, waɗanda su ke shirin zama magatakarda na Ƙungiyar Samari Kirista, wadda a ke kira YMCA. Karatun Littafi Mai Tsarki ba ya damunsu. Abin da suka ƙi jini shi ne sa'a ɗayan nan ta motsa jiki da aka wajabta musu. An ba su malami na fari, ya gaji ya roƙa a sauya shi. An ba su na biyu, shi ma haka. Sai shugaban sashen ya danƙa su a hannun wani mutumin Kanada mai shekara 30, ya ba shi kwana 14 ya nemo wasan da zai riƙe su.

Daga cikin wannan aji ƙwallon kwando ya fito. Da yawa cikin masu karatunmu sun ga wasan, waɗansu ma sun yi shi a makaranta, amma kaɗan ne suka san cewa wanda ya ƙago shi karatun fasto ya yi, kuma 'yan'uwansa sun yi baƙin ciki sa'ad da ya bar mumbari ya koma fili. Labarinsa za mu bayar a wannan wata. Muna so malaman makarantunmu, da na makarantar Lahadi, da shugabannin 'yan Birged su karanta shi a hankali, gama labarin malami ne da ɗalibansa.

An haifi James Naismith ran 6 ga Nuwamba, 1861, kusa da wani ƙaramin gari, Almonte, a yankin da a ke kira Ontariyo yanzu. Sunan nan James shi ne Yakubu da bakinmu. Iyayensa, John da Margaret, zuriyar mutanen Sikotlan ne, 'yan Ekklesiyar Firesbiteriya. Uban ya shiga sana'ar tsaga katako. A 1870 zazzaɓin taifot ya shiga gidan, ya ɗauke uban, ba a jima ba ya ɗauke uwar. Yara uku suka zama marayu, Annie da James da Robert. Kakarsu ta wajen uwa ta karɓe su, da ita ma ta rasu sai riƙonsu ya koma hannun kawunsu, Peter Young, manomi, mutum mai tsanani wanda ba ya shagwaɓa yaro.

James ya tashi cikin aikin gona da saran itace da korar dawaki. A makarantar ƙauyensu ba shi ne na ɗaya a karatu ba, amma in aka fita waje ba mai kama shi. Akwai wani wasa da yaran wurin su kan yi a bayan maƙera, sunansa agwagwa a kan dutse. A kan ɗora ɗan dutse bisa wani babban dutse, yaro ɗaya ya tsaya gadi, sauran su tsaya daga nesa suna jifa domin su kaɓar da shi. Wanda ya yi kuskure dole ya je ya ɗauko dutsensa, mai gadi kuwa yana jira ya taɓa shi. Yaran da suka ƙware sun gane wani abu: in ka yi jifa da ƙarfi ka kuskure, dutsenka ya tafi nesa, an kama ka ke nan, amma in ka lulo shi sama a hankali ya sauko, ya fi samun bara, kuma yana faɗuwa kusa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da ya shiga babbar makaranta a Almonte bai daɗe ba ya bari, ya tafi daji wurin masu saran katako. Can ya koyi abin da a kan koya a irin wuraren nan, har da shan barasa. An ba da labari cewa wata rana yana tsaye a ɗakin shan giya, sai wani mutum ya gane shi, ya tambaye shi ko shi ne ɗan Margaret Young, ya kuma tuna masa irin baƙin cikin da uwarsa za ta yi da ta gan shi a nan. James ya ajiye ƙoƙon, bai sake ɗauka ba har mutuwarsa. Yana da wajen shekara 20 ya koma makaranta, ya zauna aji ɗaya da yaran da ya girme su nesa ba kusa ba, ya gama a 1883. Nufinsa ya zama fasto.

A wannan shekara ya shiga Jami'ar McGill a birnin Montiriyal. Da fari ya ƙudura ba zai ɓata lokaci a wasa ba, sai karatu. Waɗansu ɗalibai biyu da suka riga shi shiga suka same shi a ɗakinsa, suka gargaɗe shi cewa ƙarfin da ya zo da shi daga gona ba zai zauna ba in ya bar jikinsa a kan kujera. Ya ji shawararsu. Kafin ya karɓi digirinsa a 1887 ya zama gwani a wasan tsalle-tsalle da juye-juye, ya ci lambar azurfa da ta zinariya, yana kuma cikin 'yan wasan jami'ar na ƙwallon zari-ruga, watau wanda a ke rungumar ƙwallo a gudu, abokan hamayya su kama mutum su ka da shi.

Daga nan ya wuce makarantar koyon aikin fasto ta Ekklesiyarsu, nan cikin Montiriyal, daga 1887 zuwa 1890. Da malamin motsa jiki na jami'ar ya rasu a 1888, Naismith ya karɓi aikinsa, da kuɗin ya ke biyan makaranta. Nan ne rigima ta fara. A wancan zamani masu bi da yawa suna ganin irin wasannin nan kayan Shaiɗan ne. Abokan karatunsa har taruwa suka yi suna yi masa addu'a domin ya rabu da ƙwallo. Wata Lahadi ya hau mumbari zai yi wa'azi da idanu biyu a kumbure, baƙi ƙirin, saboda wasan ran Asabar. Kowa ya iya kwatanta yadda dattawan majami'ar suka dubi juna.

Kada mu yi saurin yi wa dattawan nan dariya. Filayen wasa na lokacin cike su ke da zage-zage da faɗa da caca da shaye-shaye, kuma wanda ya ga ɗansa ya lalace a can yana da dalilin tsoro. Inda Naismith ya bambanta da su shi ne, su sun ce a gudu daga filin, shi kuwa ya ce a shiga. Abin da ya tabbatar masa da haka ƙaramin abu ne. Ran nan suna gwajin wasa, wani abu ya ɓata wa ɗan wasan da ke kusa da shi rai, ya saki ashar. Da ya waiwaya ya ga Naismith, sai kunya ta kama shi, ya nemi gafara, ya ce ya manta yana wurin. Naismith bai taɓa yi wa mutumin nan wa'azi ba, bai taɓa tsauta masa ba. Ya koma yana tunani: ashe saurayin da ba zai taka ƙofar majami'a ba yana lura da halin wanda ya ke gumi tare da shi. Ya kai maganar wurin magatakardan YMCA na Montiriyal, Mista Budge, shi kuwa ya ba shi labarin wata makaranta a Springfield inda a ke horar da malaman motsa jiki Kirista.

Ya gama karatun fasto, amma bai karɓi Ekklesiya ba. Kawunsa bai ji daɗi ba. Yayarsa Annie, wadda ta yi wahala domin ya yi karatu, ta ɗauka ya juya wa kiran Allah baya, kuma wannan tabo ya daɗe a tsakaninsu. A takardar neman shiga makarantar ya rubuta nufinsa a fili, cewa yana so ya kawo mutane wurin Ubangiji ta hanyar ɗakin motsa jiki. A 1890 ya isa Springfield.

Shugaban sashen motsa jiki a can shi ne Dokta Luther Gulick, ɗan masu aikin mishan, wanda aka haifa a tsibirin Hawai. Shi ne ya zana alamar nan ta YMCA mai kusurwa uku, ruhu da hankali da jiki, domin ya nuna ba a gyara ɗaya a bar biyu. Gulick ya lura cewa koyar da motsa jiki sana'a ce mai ilminta, ba aikin kowane ƙaƙƙarfa ba ne. A lokacin hanya biyu ce ta cika makarantu, ta Jamusawa da ta mutanen Suwidin. A hanyar Jamusawa a kan hau katakai da sanduna da igiyoyi. A ta Suwidin a kan jera mutane sahu-sahu, malami yana ba da umurni yana ƙirgawa, su ɗaga hannu, su sauke, su sunkuya, su miƙe. Wanda ya yi diril a makarantar firamare ya san irinsa. Naismith da kansa ya je ya koyi ta Suwidin da hutun 1891 wurin wani malami, Nils Posse. Dukansu suna gina jiki, babu shakka. Amma saurayin da ya ɗanɗana daɗin ƙwallo da kaka, in sanyi ya zo, ƙanƙara ta rufe filaye wata da watanni, aka kulle shi a ɗaki yana jujjuya kulake na itace, ransa sai ya fita daga abin.

Gulick ya buɗe wani darasi a kan abin da ke sa mutum ya so wasa. A nan ya ce wa ɗalibansa kowane sabon abu haɗin tsofaffin abubuwa ne, Naismith kuwa ya amsa cewa in haka ne, ai ana iya ɗaukar sassan wasannin da aka sani a haɗa sabo. Bayan wannan, a taron malamai, aka kawo ƙarar ajin nan na mutum 18, kowa yana faɗin taurin kansu. Naismith ya tashi ya ce laifin ba na mutanen ba ne, na tsarin da a ke koya musu ne. Manya ne a ke ba su abin da ba ya jan hankalinsu. Gulick ya ji, ya tuna da maganarsa ta dā, sai ya ce to, ga ajin, ya je ya gwada. Naismith bai so ba, gama yana jin daɗin koyar da dambe da kokawa da iyo. Amma bakinsa ya riga ya ja masa.

A ganinmu maganar nan da ya yi a taron malamai ta fi ƙwallon kwando kansa daraja. Abu mai sauƙi ne malami ya ce yaran bana ba su da kai. Da wuya a sami wanda zai ce watakila darasina ne ba shi da kai.

Kwanakin farko ba su yi kyau ba. Ya kawo zari-ruga cikin ɗaki, ya hana ka da mutum, samarin suka ce an cire wa miya gishiri. Ya kawo tamaula, suka farfasa tagogi. Ya kawo wasan lakros na Indiyawan Kanada, wanda a ke yi da sanda mai raga a baki, suka fasa wa juna yatsu da fuska. Kwana 13 suka wuce. Ya hau ofishinsa da nufin gobe ya faɗa wa malamai ya kāsa.

Da ya zauna, sai ya bar tambayar wane wasa zai kawo, ya shiga tambayar me ya sa kowane wasa ya ke yadda ya ke. Ya ga dukan wasannin ƙungiya da mutane ke so suna da ƙwallo. Ƙaramin ƙwallo yana bukatar sanda, sanda kuwa tana da wuyar koyo, tana kuma jin ciwo a ɗaki. Saboda haka babban ƙwallo mara nauyi, wanda kowa zai iya cafewa tun ranar farko. Sa'an nan ya tambayi kansa dalilin da ya sa a ke ka da mutum a zari-ruga. Domin yana gudu da ƙwallo ne, ba yadda za a tsai da shi sai a kama shi. In an hana gudu da ƙwallo, ba sauran dalilin kama kowa, dole kuma mai ƙwallo ya nemi ɗan'uwansa ya miƙa masa. Saura wurin ci. In raga tana tsaye kamar ta tamaula, mai ƙarfin bugu shi ne gwani, masu tsaro kuwa za su taru a bakinta a yi ta turereniya. Nan ya tuna da agwagwa a kan dutse. In bakin ragar yana duban sama, an kuma ɗaga ta bisa kawunan mutane, ƙarfi ba shi da amfani, sai a lulo ƙwallo a hankali ya sauko ciki, kuma ba mai iya tsayawa ya toshe ƙofa.

Ku duba abin da ya yi. Bai tsaya yana roƙon samarin su yi haƙuri da juna ba. Ya shirya wasan yadda mai haƙuri da mai ba ɗan'uwansa su ne za su ci, mai son kai da mai fushi su ja wa ƙungiyarsu hasara.

Da safe ya tambayi mai kula da ginin, Mista Stebbins, ko yana da akwati biyu. Ba shi da su, sai kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Naismith ya kafa su da ƙusa a jikin barandar da ta kewaye ɗakin, ɗaya nan ɗaya can. Tsawon barandar daga ƙasa ƙafa 10 ne, kuma har yau tsawon ke nan a dukan duniya. Ya rubuta dokoki 13, aka buga su da tafireta a takarda biyu, ya manna a allon sanarwa. A cikinsu an hana gudu da ƙwallo, da bugunsa da dunƙulen hannu, da tura mutum ko riƙe shi ko sa masa ƙafa. Wanda ya yi laifi na biyu zai fita har sai an ci. Wanda ya yi niyyar jin wa wani ciwo ya fita ke nan, ba a kuwa sa wani a madadinsa. In ƙungiya ta yi laifi uku a jere, a ba abokan hamayyarta ci ɗaya. A yi minti 15, a huta minti 5, a sake yin 15.

Ran 21 ga Disamba, 1891, aka raba su tara-tara, aka jefa tamaula sama. Na farkon shigowa ɗakin shi ne Frank Mahan, jagoran masu taurin kan, wanda ya dubi kwandunan da reni. An tashi da ci ɗaya tak, William Chase ne ya jefa shi. Kwandon yana da gindi, saboda haka in ƙwallo ya shiga sai an hau tsani a ciro. Ba a ce kome ya tafi sumul ba. Da tsufansa, a wata hira da aka yi da shi a rediyo a 1939, Naismith ya tuna cewa gwajin farko ya rikiɗe ya zama kokawa, aka sami kumburarrun idanu da gocewar kafaɗa, kuma dokar hana gudu da ƙwallo ita ce ta kashe wannan. Amma ajin da ya kori malami biyu ya zama ba a iya korarsa daga ɗakin. Bayan hutun Kirsimati Mahan ya kawo shawara a sa wa wasan sunan Naismith. Ya yi dariya ya ƙi, ya ce irin wannan suna zai kashe kowane wasa. Suka tsaya a kan kwando da ƙwallo.

Ran 15 ga Janairu, 1892, jaridar makarantar ta buga dokokin, ta aika wa rassan YMCA. Ɗaliban da suka gama suka tafi da wasan inda aka aike su: Faransa a 1893, ƙasar Sin a 1895, Indiya da Japan kuma ba a daɗe ba. Wata malama, Senda Berenson, ta gyara dokokin ta koya wa 'yan mata tun 1892. 'Yan wasa da kansu suka ƙago tafiya da ƙwallo ana buga shi a ƙasa, abin da ba ya cikin dokokin farko. Aka kafa allo a bayan kwando domin 'yan kallo da ke baranda su daina sa hannu. Aka rage mutane zuwa biyar-biyar.

Shi kuwa mai abin ya ci gaba da neman ilmi. A 1894 ya auri Maude Sherman, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. A 1895 ya koma garin Denver yana aikin YMCA yana karatun likita, ya gama a 1898, domin ya ga bai kamata mutum ya riƙa ba jikin 'ya'yan mutane umurni ba tare da ya san yadda jikin ya ke aiki ba. A shekarar nan Jami'ar Kansas, a garin Lawrence, tana neman mutum ɗaya da zai bi da addu'ar safe ya kuma koyar da motsa jiki. Abokinsa na Springfield, Amos Alonzo Stagg, ya ba da sunansa. Can ya zauna sauran kwanakinsa. Ya kan auna tsawo da nauyi da faɗin ƙirjin sababbin ɗalibai, ya rubuta, domin ya ba kowa motsin da ya dace da shi. Ya koyar da tsabta da kiwon lafiya. Da aka fara cewa ƙwallon kwando yana lalata zuciya da ƙodar samari, bai yi gardama da baki ba, ya auna 'yan wasa ya duba. Ran Lahadi kuwa ya kan fita ƙananan majami'un ƙauye ya yi wa'azi.

Ga wani abin mamaki. Shi ne ya fara riƙe ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, daga 1898 zuwa 1907, suka ci wasa 55, aka cinye su 60. Cikin dukan waɗanda suka riƙe ƙungiyar nan, shi kaɗai ne aka fi cinyewa. Abin bai dame shi ba. Sau da yawa ma shi ne alƙalin wasa, maimakon ya zauna gefe yana ba 'yan wasansa dabara. Yana da wani ɗalibi gwani, Forrest Allen, wanda a ke kira Phog. Da wata makaranta ta rubuto tana neman Allen ya zo ya horar da 'yan wasanta, Naismith ya kira shi yana dariya, ya ce masa wannan wasa ba a horar da shi, yinsa kawai a ke yi. Allen ya amsa da ladabi cewa ai ana iya koya wa mutum yadda zai jefa, da yadda zai tsaya, da yadda zai juya ƙafa.

A nan malamin ya yi kuskure, ɗalibin kuwa ya nuna masa. Allen ya gāje shi a 1907, ya riƙe ƙungiyar Kansas shekara 39 duka duka, ya ci wasa 590. Ya rarraba wasan gaɓa-gaɓa, ya koyar da kowace gaɓa, har a ke ce da shi uban masu horar da ƙwallon kwando. Cikin ɗalibansa akwai Dean Smith, wanda shi kuma ya horar da Michael Jordan. Duk da haka ba za mu ce Naismith ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Tsoronsa shi ne kada yaro ya zama kayan aiki a hannun babba mai neman suna, kada kuma a ƙwace masa tunani, ya zama ba ya motsi sai an yi masa tsawa daga gefe. Gardamar nan ba ta mutu ba. A 1982 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Loughborough a Ingila, David Bunker da Rod Thorpe, suka lura yara suna shekara suna gwajin jifa da cafewa a sahu, amma in an sa su cikin wasa ba su san abin yi ba. Suka kawo hanyar da a ke fara sa yara cikin ƙaramin wasa mai sauƙin doka, su gane matsalar da kansu, sa'an nan a koya musu gwanintar da za ta warware ta. Da Naismith yana da rai, da ya gane hanyar.

Sai a 1916 aka naɗa shi fasto, yana da shekara 54, domin ya bi sojan Kansas zuwa iyakar Meksiko. Ya ga inda samarin su ke zuwa da dare in an sallame su, sai ya kafa dandalin dambe kusa da ƙofar bariki. Masu fita su kan tsaya kallo, kafin a gama lokacin fita ya wuce. A 1917 YMCA ta aike shi Faransa, ya yi wata 19 yana koya wa sojan yaƙin duniya na fari tsabtar jiki da tsare kai. A 1925 ya zama ɗan ƙasar Amurka.

A 1933 wani saurayi baƙar fata, John McLendon, ya zo Kansas domin ya koyi aikin malamin motsa jiki, ubansa ya ce masa ya nemi Naismith. A lokacin ba a yarda baƙi su shiga ƙungiyar ƙwallon jami'ar ba, ba a kuma yarda su shiga tafkin iyo tare da farare ba, ko da ya ke iyo yana cikin darussan. McLendon ya faɗa tafkin, aka zubar da ruwan bayansa. Tsohon nan mai shekara 70 da ɗoriya ya tsaya a bayan ɗalibinsa, ya zama mai ba shi shawara, ya nema masa makarantar da zai yi gwajin koyarwa, har ya gama a 1936. McLendon ya kan faɗa cewa daga wurin Naismith ya ɗauko wasan sauri, gama tsohon ya nuna masa ƙananan yara suna bin ƙwallo ko'ina a fili ba tsayawa, ya ce haka wasan ya kamata ya zama. Ran 12 ga Maris, 1944, a garin Durham, inda al'adar wariya ta hana baƙi da farare wasa tare, ɗaliban McLendon suka kara da fararen ɗaliban likita na Jami'ar Duke a ɓoye, ran Lahadi da safe, ƙofofi a kulle. Sanayyar ta faro ne daga taron addu'a na 'yan YMCA na makarantun biyu. Baƙin suka ci 88 da 44, sa'an nan suka gauraya suka sake wani wasan. Daga 1957 zuwa 1959 McLendon ya ci gasar ƙasa ta ƙananan jami'o'i sau uku a jere.

Naismith bai yi arziki da wasansa ba. Da aka sa ƙwallon kwando cikin wasannin Olimfik na Barlin a 1936, masu horarwa, Allen yana gaba, suka bi filayen wasa suna tara kwabo-kwabo domin kuɗin jirginsa. Ya ga ƙasashe 21 suna wasan, har da Masar. Shi ya jefa ƙwallon farko. An yi wasan ƙarshe a waje, cikin ruwan sama da taɓo, Amurka ta ci Kanada 19 da 8, ƙasar zamansa da ƙasar haihuwarsa, ya miƙa musu lambobinsu da hannunsa. Maude ta rasu a 1937, shekarar da ya bar aiki. Ya sake aure a 1939. A watan Nuwamba na shekarar jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ran 28 ga wata yana da shekara 78, aka binne shi a Lawrence. Littafin da ya rubuta a kan asalin wasan ya fito a 1941.

Wasan ya iso ƙasarmu ma, ya kuma koma da riba. Masai Ujiri, wanda ya girma a Zariya ya koyi wasan a can, shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors sa'ad da ta ci babbar gasar NBA a 2019, karo na fari da kofin ya je Kanada. Toronto kuwa a Ontariyo ta ke, yankin da aka haifi Naismith.

Takardun nan biyu na dokoki 13 sun ɓace daga allon sanarwa 'yan kwanaki bayan wasan farko. Frank Mahan ne ya cire su ya ɓoye a akwatinsa, gama ya ga wasan zai yi nisa, yana so ya riƙe abin tunawa. Daga baya ya zo wurin malaminsa ya faɗi abin da ya yi, ya mayar masa. Naismith ya ajiye su har mutuwarsa, suka zauna a hannun zuriyarsa. A watan Disamba 2010 aka yi gwanjonsu a birnin New York, wani tsohon ɗalibin Kansas, David Booth, da matarsa suka saye su a kan dala miliyan 4 da dubu 300 da 'yan kai, suka kai su jami'ar. Tun 2016 suna ajiye cikin gilashi a Lawrence, kusa da filin wasan da ke ɗauke da sunan Allen, a kan titin da ke ɗauke da sunan Naismith.